Wuta Kafin Alwala

Unguwar Nasim,
Riyad.

Zuwa ga ɗana, mai sunan mahaifina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Babana, ina gaishe ka gaisuwar uba, ina kuma roƙon Allah Ya sauke ka Tabuk lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa, Ya sa wannan awon ƙasa da za ka yi a daji ya zame maka tsanin arziki.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a cikin ledar dambun nama. Ni na ce Ummanka ta sa ta nan, don na san ko me za ka bari a baya, ban da dambu. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Larabci ya fi zama a bakinka, karatun Hausa kuwa sai ka yi ta haɗa baƙi kamar ɗan aji ɗaya. To, haka nake so. Abin da aka karanta a hankali shi yake zama.

Ranar Alhamis na fito maka da tsohuwar farwata, wannan alkyabbar mai gashin tumaki a ciki, da ɗan gwangwanin nan da kuke gani a aljihunta. Ka toshe hanci ka ce, "Ya Baba, wannan ai warin rago take. Motar kamfani da hita, ɗakin kwana da hita. Mafi mushkila, ba matsala." Na mayar da kayana. Ummanka ta ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Muryata na ji a bakinka, irin wadda nake da ita shekara kusan talatin da suka wuce, sai gabana ya faɗi.

Ka san ubanka. Aji uku na tsaya a sakandare, na baro ƙasar Gumel da jaka ɗaya, ban gaji ko allura ba. Yau ina da masu walda takwas a ƙarƙashina, kuma duk ɗan Riyad da ya san murhun ƙarfe mai kyau na fita kashta, wato shan iska a sahara, ya san ƙofar shagona. Ban saba sunkuyar da kai ba. Amma yau zan sunkuyar. Yatsun nan biyu na hannuna na hagu da suka lanƙwashe, waɗanda na ce muku wutar walda ce ta taɓa su, ƙarya na yi muku. Ban ma fara walda ba lokacin. Sanyi ne ya ci su, da taimakon wautata.

Aikina na farko a ƙasar nan kiwon raƙuma ne. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya kai ni rairayin da ke arewa da Riyad, tafiyar rabin wuni a mota, ya ajiye ni da tanti da tankin ruwa da tsohuwar akori-kura. A can na tarar da wani dattijo Buzu, mutumin ƙasar Agadas, ana ce masa Agali. Hausarsa ta fi taka nesa ba kusa ba. Da sanyi ya fara shigowa, ya ga na sa wata jaket mai sheƙi da na sayo a kasuwa, ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai Bahaushe, wannan ta zuwa zance ce ko ta kiwo?"

Na ce, "Baba Agali, ai mu ma muna da sanyi a garinmu."

Ya ce, "Kuna da ɗansa. Uban yana nan."

Na yi dariya. Ya miƙo mini farwa, na ce wari take. Ka ji ko? Kalma ɗaya da taka.

Babana, sanyin gida baƙo ne mai kunya, ya zo da asuba, hantsi na yi ya yi sallama. Na saharar nan ba ya sallama, kuma ba fata yake nema ba, ƙashi yake nema. Har yau in na tuna sai in yi tasbihi. Ƙasar da za ka taɓa ƙofar mota da rani ta ƙona maka hannu, ita ce wadda ruwa zai zama dutse a cikin buta. Ƙasa ɗaya, sama ɗaya. Wane ne ke juya wannan in ba Sarkin sarakuna ba? Kuma inda za ka ya fi inda na zauna, don can har dusar ƙanƙara ke sauka a kan duwatsu, raƙumi yana tafiya a kanta. Saboda haka kada ka auna sanyin can da na Nasim, inda bango ke kare ka ta kowane gefe. Ka sa kaya hawa-hawa, ka rufe kai da wuya da kunne, kada ka damu da wanda zai ce ka yi kama da tsoho.

Wata rana bayan azahar aka nemi wata taguwa da ɗanta aka rasa. Agali yana can ɗaya gefen da sauran garken. An yi yayyafi da safe, gari ya yi luf, rana ma ta ɗan fito. Na ce yau zan nuna wa tsohon nan ni ma namiji ne. Na hau akori-kura na bi sawu, ban gaya masa ba, ban bar alama ba. Wannan shi ne kuskuren da ya haifi sauran. Duk inda za ka a daji, ko da bayan tudun nan ne da kake gani, ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Kada ka ce kana da waya. Akwai kwarin da waya ba ta da amfani sai duba fuska, kuma sanyi yana shanye batirinta kamar yaro da koko. Ka riƙa ajiye ta a jikinka, ba a kan kujera ba.

Ban ga taguwar ba. Abin da na samu shi ne rairayi mai laushi a cikin wani kwari, mota ta kafe har ciki. Na yi ta taka mai, tana ƙara nutsewa. Na fito na yi ta tono da hannu da murfin tukunya har na jiƙe sharkaf da gumi, na tuɓe jaket na jefar. Da na koma in tayar da ita, sai ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Batir ya mutu. To ka ga hitarka nan. Hita baiwar inji ce, in ubangidanta ya mutu, tare ake binne su. Gumin nan kuma da na tara, shi ya zame mini maƙiyi, don ana yin la'asar sakaliya iskar arewa ta taso, rigata ta ciki ta koma kamar an tsamo ta daga randa. In aiki ya kama ka a cikin sanyi, ka rage kaya tun kafin ka yi gumi, ka yi a hankali, in ka tsaya ka mayar nan take. In rigar ciki ta jiƙe, cire ta, gara busasshiya ɗaya da jiƙaƙƙu uku. Kuma kada ka bar motar ka kama tafiya a ƙasa. Wannan kaɗai na yi daidai a ranar, shi ma don ƙafafuna sun gaji ne, ba don hankali ba. Mota ana hango ta daga nesa, mutum kuwa ɗigo ne.

Yanzu ka buɗe kunne, ga inda nake so mu zo.

Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai. Ina da laita a aljihun jaket na waje, ina da kwalin ashana a mota, ga ƙananan bishiyoyin daji nan birjik. Wuta ba ta dame ni ba ko kaɗan, ni da na tashi ina hura wa Inna murhu tun ban kai tsayin turmi ba. Na ce bari in fara ba Allah hakkinSa, sannan in ji da wuta. Haka aka rene mu, kuma ban ce reno ne mara kyau ba. Na ɗauko buta, na naɗe hannun riga, na yi alwala cikakkiya, sau uku-uku, a tsaye cikin iskar nan, ba ko tsumman goge hannu.

Kafin in sallame sallah, hannuwana sun daina zama nawa.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ina kallon yatsuna, ina ba su umarni, suna kallona. Na ɗauko laita, babban yatsa ya kasa murza ta. Na murza da tafin hannu, ta yi tartsatsi, ba wuta, don iskar gas ɗin da ke cikinta ita ma sanyi ya kwantar da ita. Na koma ga ashana. Ka san ashana ba ta kai nauyin tsinken sakace ba, amma wallahi na kasa ɗaukar ƙwaya ɗaya da yatsu biyu. Kwalin ya zube a rairayi mai danshi. Waɗanda na iya tsinta na damƙe su a dunƙule kamar mai riƙe wuƙa, wata ta karye, wata ta kama iska ta kashe, wata kanta ya marmashe. Itacen da na tara kuwa manya ne, jiƙaƙƙu da yayyafin safe, irin wanda mai gaggawa ke tarawa. Ni Ɗanladi, da nake ɗaga buhun hatsi da hannu ɗaya, tsinke ya gagare ni. A nan na san girman ɗan Adam bai wuce ɗumin da ke cikin yatsunsa ba, kuma ɗumin nan aro ne.

Da ashana ta rage ɗaya, sai Shaiɗan ya tuna mini da fetur. Na yagi tsumma, na zura a tankin mota, na jawo shi yana ɗiga, ya bi mini hannun hagu har gwiwa. Ban ji ba. Na ɗora a kan itacen, na ƙyasta ta ƙarshe, ta kama. Wuta ta yi bal ta tashi sama da kaina, na yi hamdala. Sai na ji ƙaurin nama. Na duba, na ga hannuna yana ci da wuta kamar hannun wani, ba zafi, ba komai. Da ido na gani, ba da jiki na ji ba. Na cusa shi a rairayi. Kafin in ɗago, fetur ya cinye kansa, wutar ta mutu, itacen yana nan baƙi ƙirin, ko garwashi ɗaya bai bari ba. Babana, fetur maƙaryaci ne. Yana ihu, ba ya aiki. Kada ka kusantar da shi wuta ko da ranka na fita. Kuma hannun da ya mutu da sanyi kada ka kara shi a wuta, don ba zai gaya maka yana ƙonewa ba. Ka sa shi a hammata ko a cikinka har ya farfaɗo.

Sauran haske kaɗan a yamma na ji kukan amale. Agali ne. Ya dawo tanti ya ga ba mota, ya biyo sawun taya tun kafin duhu ya shafe shi. Ya sauko, ya dubi hannuna, ya yagi bakin rawaninsa ya naɗe mini, ya yafa mini farwar nan da na raina. Sannan na ga abin da har in mutu ba zan manta ba.

Ya durƙusar da amalen ta inda iska ke zuwa, ya zama bango. Ya tona ɗan rami kamar taƙi ɗaya a jikin inuwar raƙumin, ya shimfiɗa busasshen kashin raƙumi a ƙasa don kada danshi ya sha wutar. Ya je gindin bishiyoyin nan, bai taɓa ƙiraren sama ba, ya zura hannu can cikin tsakiya inda yayyafi bai kai ba. Kowane ƙirare sai ya karya shi a kusa da kunne. In ya ce ƙas, ya ajiye, in ya tanƙwara, ya yar. Ya yi tsibi uku: masu sirantar tsinken tsintsiya, masu kaurin fensir, da masu kaurin yatsa. Manyan da na tara ya jera su a gefe. Duk ya gama, sai ya tsuguna, ya cusa hannuwansa a hammata.

Haƙorana na kaɗawa na ce, "Baba, don Allah kunna mana."

Ya ce, "Ashana uku gare ni. Kai nawa ka ƙona?"

Na ce, "Kwali guda."

Ya ce, "To, mai kwali ya yi wa mai uku shiru."

Sai da hannunsa ya yi ɗumi ya zaro gwangwani daga cikin rigarsa, daidai ƙirji. A ciki akwai ashana a naɗe da leda, da guntun kyandir, da ɗan curin auduga da aka murje da kitse. Ya ɗebi audugar kaɗan, ya buɗa ta har ta yi gashi-gashi, ya juya wa iska baya, ya rufa da jikinsa kamar kaza a kan ƙwai. Ƙyasta ɗaya. Wata 'yar wuta ta fito, ba ta kai ƙwayar dabino ba. Ya riƙa ba ta tsinke ɗaya-ɗaya, yana hura ta a hankali kamar mai cire tsakuwa daga idon jariri. Ba ya ba ta na gaba sai ta cinye na baya. Daga tsinke zuwa fensir, daga fensir zuwa yatsa. Manyan nan nawa suna gefe suna shan ɗumi suna fitar da tururi, sai da suka bushe ya tura su ciki.

Na ga ƙarfe yana narkewa a gabana sau dubu tun daga lokacin, amma ban taɓa ganin wutar da ta cika mini ido kamar wannan ba. Duk faɗin saharar nan, da duk iskar da ta taso tun daga inda ban sani ba, da sama cike da taurari kamar an watsa gero, a gefe ɗaya. A ɗaya gefen, abu kamar ƙwayar dabino a tafin hannun tsoho. Kuma shi ya yi nasara. Na yi kuka, ba don hannu ba, don a lokacin bai ma fara ciwo ba.

Da gari ya waye na ga wani ikon Allah. Rairayi duk ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Gashin bakin amale ya yi furfura. Na ɗaga butata na jijjiga, ba motsi, ruwan ya daskare. Rana ta leƙo, ƙasa ta ɗauki ƙyalli ta ko'ina har ido ba ya iya kallo, kafin a sha shayi komai ya ɓace kamar ba a yi ba. Tun kafin nan, da asuba, na ga Agali ya ɗora ruwa a butar shayi, ya surka, ya yi alwalarsa da ruwan ɗumi a gaban wuta, ya goge hannu da rawani. Ni kuma ya ce in yi taimama. Da na gaya masa yadda aka yi jiya, ya girgiza kai.

Ya ce, "Wanda ya ce ka yi sallah, Shi ya halicci sanyin nan, ya kuma san da shi. A daji, wuta kafin alwala. Ka haɗa ta tun rana tana sama, lokacin sallah ya same ka da ruwan ɗumi."

Ni ba malami ba ne. Amma daga baya na tambayi ɗaliban ilimi 'yan gida da ke karatu a nan, waɗanda ke zuwa cin tuwon Ummanka ranar Juma'a, sun ce tsohon bai kauce ba: addini bai hana ɗuma ruwa ba, kuma in ana tsoron cuta ba yadda za a ɗuma, akwai taimama. Na san ka da riƙon sallah, shi ya sa wannan ya fi ba ni tsoro a kanka. Ban ce ka jinkirta ta ba. Cewa na yi ka riga ta shiri. Da zarar ka ga za ka kai yamma a fili, rana tana saura tsayin mutum biyu, ka tara ƙirare ninki uku na abin da kake zaton ya isa, ka kunna, sannan ka taɓa ruwa. Yanzu hukuma ta hana sare itatuwan daji, saboda haka ka ajiye ɗaurin itacen sayarwa da ɗan buhun gawayi a bayan mota, ko abokan aikinka za su yi maka dariya.

Saura guda, gajere. Bayan na dawo daga asibiti, wata rana aka wuni ana yayyafi, na cika kasko da garwashi na shigar da shi tanti, na toshe kowace kafa, kamar yadda Inna ke yi mana a gida. Kaina ya fara sarawa, wani barci mai daɗi ya fara jana. Agali ya shigo ya yi ƙwallo da kaskon har waje, ya jawo ni ta ƙafa. Ya ce, "Kai dai sai ka mutu a hannuna hankalinka zai kwanta?" Ɗakin Inna jinka ne, yana numfashi ta ciyawa. Tanti da mota da ɗakin kwano ba sa numfashi. Gawayi yana da wani hayaƙi da ba a gani, ba a jin warinsa, yana kashe mutum yana murmushi. Kada ka kwana da garwashi a rufaffen wuri, kada ka yi barci a mota inji na aiki gilashi a rufe.

Me ya sa na ɓoye muku duk wannan? Girman kai. Mai sana'ar murhu, a ce wuta ta gagare shi? Na gwammace ku ɗauka a bakin aiki na ji rauni. Amma ranar Alhamis na ga ƙaryata ta girma, ta yi gemu, tana shirin hawa mota zuwa Tabuk ba farwa.

Agali ya koma ƙasarsu da daɗewa, na ji labarin ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya haskaka kabarinsa. Ranar da zai koma ƙasarsu ya bar mini farwar da gwangwanin. Ka buɗe akwatinka har ƙasa, suna nan. Ummanka ta cire takalman ƙwallonka don su sami wuri, in za ka yi faɗa da ni za ka yi. Na sabunta ashanar, na sa laita, audugar kuma da man kaɗanyar Ummanka na murje ta, ya fi kitse daɗewa yana ci. Gwangwanin a ƙirji yake zama, ba a jaka ba, ba a mota ba. Kuma kada ka jira ranar buƙata. Juma'ar farko ka fita bayan masaukinku da yamma, ka kunna wuta da ashana ɗaya. In ta ƙi, ka sake, har hannunka ya haddace.

Ranar da aka haife ka, da aka miƙo mini kai a zane, kafin in yi maka kiran sallah a kunne sai da na buɗe 'yan hannuwanka na ƙirga. Ummanka ta ce me nake nema, na ce ba komai. Goma na samu. Amana ce na ba ka, Babana, ka tafi da su. Ranar da ka dawo, a bakin ƙofa zan tsaya, kafin ka gaishe ni zan ƙirga.

Allah Ya tsare mini kai daga sharrin sanyi da sharrin wuta da sharrin gaggawa. Ya sa duk inda magariba ta same ka, ta same ka da ɗumi. Ya dawo da kai gare mu lafiya. Ummanka tana sa maka albarka, ni ma na sa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ɗanladi mai walda.